Man da Ya Rage a Jirgin

Ina ɗaure ledojin ruwa labarin ya same ni. Sana'ata ke nan, ƙanƙara da ruwan sanyi. Firiza biyu gare ni a ɗakin da ke kallon titi, da ƙaramin janareta a bayan gida saboda ɗaukewar wuta. Da hantsi ne, masu kifi sun riga sun kwashe ƙanƙarar safe. Wayata tana kan murfin firiza, ta fara kuka tana zamewa. Na ga lambar da maigidana yake kirana da ita daga jirgi, na ɗauka da jiƙaƙƙen hannu na ce, "Kuku, yau an tuna da mu?"

Kowa Kuku yake ce masa, har ni, don shi ne mai dafa abinci a wani jirgin ruwa na dakon kaya. Amma ba shi ba ne. Muryar dattijo ce, mai kauri. Ya ce, "Uwargida. Sannu. Sannu, Uwargida." Na gane shi. Injiniyan jirgin ne, mutumin wata ƙasa mai nisa, wanda Kuku ya koya wa 'yan kalmomi na harshenmu don su riƙa tsokanar juna. Da abin da ya iya ya ƙare sai ya koma Turanci. Ni ban yi nisa a makaranta ba. Na dai ji yana ta maimaita sunan mijina na yanka, wanda ba mai kiransa da shi.

Na ce masa ya dakata. Na ƙarasa ɗaure ledar da ke hannuna, na sa ta a firiza, na rufe. Na kulle ƙofa. Na taka zuwa kantin magani inda 'yarmu take aiki, wadda ubanta yake kira Likita tun tana rarrafe, na miƙa mata wayar. Ta saurara. Ta zauna a kan wani kwali, kwalin ya lotse da ita. Ni ina tsaye ina kallon kwalaben maganin tari.

Ta ce, "Mama, da safe suka same shi a kicin. Yana zaune a kan buhun shinkafa, ludayi a hannunsa."

Na ce, "Ya gama girkin?"

Ban san abin da ya sa na yi wannan tambayar ba. Ita kuwa ta tambayi Injiniya. Ya ce ya gama.

Bari in yi bayanin jirgin, don da yawa daga masu zuwa gaisuwa ba su gane ba. Siminti ya ɗauko. Ya isa gaban wata tasha a wata ƙasa, ya tsaya daga nesa yana jiran a ce ya shigo. Sai mai jirgin ya ɓace. Waya ba ta shiga, ofishinsa a garƙame. Masu tashar suka ce jirgin ba zai shigo ba, ba zai tafi ba, kuma ba wanda zai sauko, don ba su da izinin taka ƙasar. Suna hangen gine-ginen garin, garin yana hangensu. Damina ta same su a nan, ta wuce, ta sake dawowa ta same su. Wasu mutanen kirki sukan aika musu kwale-kwale da shinkafa da ɗan mai, sai kuma a daɗe ba a aika ba.

Kuku bai taɓa kawo mini kuka ba. In ya kira sai ya ce, "Mai Ƙanƙara, yau mun canza abinci. Jiya shinkafa da gishiri, yau gishiri da shinkafa." Maganin hawan jininsa ya ƙare, ya hana Likita ta gaya mini. Kyaftin, shugaban jirgin, ya roƙi masu tasha su turo wanda zai duba shi, suka ce a tambayi mai jirgi.

Da ya rasu, abokan aikinsa suka sa shi a ɗakin sanyi, inda a da yake ajiye nama da kifi. Shi ke riƙe da makullin ɗakin. Daga aljihunsa suka ciro.

An yi zaman gaisuwa babu gawa. Mata suna shigowa, su ce Allah Ya jiƙansa, sannan su tambaya yaushe za a kawo shi. Ina cewa ana kan hanya. Ban yi kuka ba. Maƙwabciyata mai ɗinki ta ja ni gefe ta ce in daure in yi ko kaɗan ne, mutane suna kallo. Na gwada, bai zo ba.

Yayan mijina shi ya ɗauki maganar. Tsohon malamin makaranta ne, ya yi ritaya, rediyo ba ya rabuwa da kunnensa. Ni Yaya nake ce masa, Likita tana ce masa Baffa. Shi ya goyi Kuku bayan ubansu ya rasu. Ya zauna a kujerar ƙaninsa ya ce, "Maman Likita, ki kwantar da hankalinki. Duniya ba daji ba ce. Akwai dokokin da ƙasashe suka sa wa hannu a kan ma'aikatan ruwa. Za a kawo shi, mu sa shi kusa da mahaifiyarmu. Wurin yana nan, na je na duba."

Ina takaba, ban cika fita ba, amma sau ɗaya na bi su, don sun ce a ofis ana son ganin matar mamaci.

Mun fara da ofishin gwamnatinmu. Mutumin ya yi mana gaisuwa mai kyau. Ya ce in an aiko gawar za su karɓa hannu biyu, amma ba su ke da ikon sauko da ita ba, ba a ruwanmu ya rasu ba. Ya ce mu je wurin wakilan ƙasar da jirgin yake tsaye a gabanta.

Can kuma ta taga aka yi mana magana. Matar ta ce a dokarsu mijina bai taɓa shiga ƙasarsu ba. Cikin jirgi ƙasar mai tuta ce, ko da jirgin yana gaban ƙofarsu. Sai ƙasar da tutarta ke kan jirgin ta nema, sannan su duba.

Ofishin masu tuta ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin sayar da tayoyi. Akwai ƙaramar tuta a kan tebur, da wani mutum mai fara'a yana cin gyaɗa. Ya ture gyaɗar gefe da ya ga mun shigo.

Yaya ya ce, "Jirginku ne. Tutarku ce a kansa."

Mutumin ya ce, "Baba, jirgin nan bai taɓa zuwa ƙasarmu ba. Ni kaina sau ɗaya na je."

"To me tutarku take yi a kansa?"

"Rajista ce. Mai jirgi yakan zaɓi inda ya fi masa sauƙi. Kuma tun da ya daina sabuntawa an cire shi. Yanzu ba namu ba ne."

"Na wa ne?"

Mutumin ya buɗe hannuwa. Ba da raini ba, shi ma bai sani ba.

Yaya ya fara jero masa sunayen dokoki. Ni na'urar sanyaya ɗaki tana hura mini a wuya. Abin da nake tunani shi ne Kuku ba ya son sanyi. Ko ruwan firizata ba ya sha sai ya ajiye shi ya huce.

Da muka sauko Likita ta ce, "Baffa, to ƙasa nawa ke nan?"

Ya ce, "Uku. Da ta mai jirgin huɗu."

Ta ce, "Baba ya yi arziki. Ƙasa huɗu, ba wadda ta san shi."

Ya ce ta rufe masa baki. Ta rufe.

Mutum ɗaya da ta zo har gida ita ce Lauya, ta ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa. Mace ce siririya, takalminta ya ci ƙasa. Ta ƙi kujera, ta zauna kusa da ni a tabarma. Ta ce tun kafin Kuku ya rasu take bin maganar jirgin.

Ta ce, "Mama, zan gaya miki abin da ba shi da daɗin ji. Lokacin da yake da rai na buga ƙofofi har hannuna ya gaji, ba wanda ya leƙo. Yanzu da ya rasu, 'yan jarida ke nemana. Gawa a jirgi abin kunya ne ga masu tasha. Muddin yana ciki, kunyar tana nan. Ina ganin a ƙarshe za su sauko da shi, kuma in sun buɗe hanya saboda shi, da wuya su rufe ta a kan sauran."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kin ji ko? Ko a mace yana yi musu aiki."

Na ce, "Yaushe?"

Lauya ta ce, "Ban sani ba. Zai iya zama gobe, zai iya zama baɗi."

Aka shiga jira. Na koma ɗaure ruwa, don masu kifi ba su san takaba ba. Injiniya yakan kira lokaci-lokaci, da rana, in Likita ta dawo cin abinci. Kullum maganarsa ɗaya ce: Kuku yana nan lafiya, ɗakin yana da sanyi, shi da kansa yake dubawa. Haka Likita take fassara mini, yana nan lafiya. Sai ya rufe da "Sannu, Uwargida."

Wata rana ya kira, Likita ta sa wayar a fili a kan murfin firiza. Yana magana, ni kuma ba maganar nake ji ba tunda ba na ganewa. Abin da ke bayansa nake ji. A da in Kuku ya kira, ƙarar babban inji takan cika wayar, har sai ya ɗaga murya. Yanzu wata 'yar ƙara ce siririya, irin ta janaretana. Kuma muryar Injiniya ta canza, harshensa yana mannewa, yana tsayawa yana haɗiyar abin da babu.

Na ce wa Likita, "Tambaye shi, wane inji ne wannan?"

Ya ce ƙarami ne. Man babban ya ƙare tuntuni.

Nawa janaretan ba ya ɗaukar firiza biyu. In an ɗauke wuta sai in zaɓi ɗaya in kashe ɗaya. Kuku ya taɓa gaya mini suna da na'urar da ke mai da ruwan teku ruwan sha, har yana yi mini dariya wai shi ma mai sayar da ruwa ne, ya fi ni rijiya.

Na ce, "Tambaye shi, me suka kashe?"

Injiniya ya yi magana a hankali, tana juya mini kaɗan-kaɗan. Ƙaramin injin ba ya ɗaukar ɗakin sanyi da na'urar ruwa tare. Man da ya rage kuma ba yawa. Sun taru a ɗakin cin abinci, sun ɗaga hannu, kowa ya yarda a bar wa Kuku sanyinsa. Da ana ruwan sama suna tara na sha da tamfol. Yanzu ruwa ya ɗauke. Abin da ke tanki suke rabawa da ƙaramin kofi. Mutum ɗaya, mai walda, ya kwanta, bayansa yana ciwo, fitsarinsa ya koma kalar shayi.

Likita ta daina fassara, ta yi masa tambayoyi da kanta. Na ga fuskarta. Ta ce, "Mama, ƙoda ce."

Injiniya ya ƙara wata magana. Ta ce, "Wai kada ki damu. Ba su so ki sani ba. Wai Kuku ya ciyar da su lokacin da babu abin dafawa, ba za su kashe masa wuta ba. Wai sun yi masa alkawari zai koma gida."

Na ce ta ce masa na ji.

Da la'asar Yaya ya zo, Likita ta gaya masa. Ta ƙara da cewa akwai hanya: a sa Kuku a teku, a kunna na'urar ruwa. Kyaftin ya ce ba zai yi ba sai da izinin matarsa, don kada gobe a ce sun ɓoye wani abu.

Yaya ya ajiye rediyonsa a ƙasa. Ya ce, "Ke ko kunya ba ki ji ba? Ubanki za a jefa wa kifi?"

"Baffa, mutum zai mutu."

"Mu muka ajiye mai waldan a can? Yana da ƙasa, yana da gwamnati, yana da dangi. Su tashi mana, kamar yadda muka tashi. Kowa ya fara da nasa, haka duniya take tafiya. Ni ƙanena na sani. A bayana ya yi fitsari."

"Su ba su fara da nasu ba ai. Da Baba suka fara."

Yaya ya juyo wurina, ya sassauta murya. "Maman Likita, saurare ni. Ba rashin tausayi ba ne. Masu tashar nan suna da ruwa. Suna da mai. Da kwale-kwale ɗaya za su kashe maganar nan kafin magariba. Sun ƙi, suna jira mu gaji. In kika ce a sa shi a ruwa, kin ɗauke musu nauyin da yake nasu. Gobe su yi wa wani jirgin haka, don sun ga talaka yakan share bayansu da kansa. Wanda ya ɓata shi ya kamata ya gyara. In kullum mai rauni ne zai sadaukar, yaushe za a yi adalci?"

Likita ta ce, "Kafin a yi adalcin, mai walda ya sha me?"

"Ke kin san shi ne? Ko sunansa kin sani?"

"Ban sani ba. Ƙodarsa dai irin tawa ce."

"Karatun kantin magani," in ji Yaya. "An ba ki farar riga kin zama alƙaliyar duniya."

"Kai ma rediyo aka ba ka, Baffa."

Na ce ta ba shi haƙuri. Ta durƙusa ta ba shi. Bai kalle ta ba. Idonsa ya yi ja. Ya ce da ni, "Ina za mu je mu tsaya mu yi masa addu'a? Ina zan nuna wa jikokinsa?"

Maganarsa gaskiya ce. Ta Likita ma gaskiya ce. Ina jinsu kamar ana magana a gidan maƙwabta.

Na sa an kira mini Lauya. Na tambaye ta abu ɗaya: in aka sa shi a ruwa, me zai faru da sauran?

Ta ce, "Za su sha ruwa. Amma 'yan jarida za su tafi, kuma mai yiwuwa su daɗe a can fiye da yadda za su daɗe in yana ciki. In kuma aka bar shi, mai yiwuwa a buɗe musu hanya da wuri. Mai yiwuwa kuma kafin a buɗe ɗakin sanyin ya samu mutum na biyu."

Na ce, "Ke me za ki yi?"

Ta ce, "Ni aikina ya fi sauƙi in yana ciki. Shi ya sa bai kamata ki tambaye ni ba."

Washegari da safe aka ɗauke wuta. Na zaga baya na ja igiyar janareta, ya tashi. Na dawo na tsaya tsakanin firizan biyu kamar kullum. Ɗaya cike da ƙanƙarar da ta riga ta daskare, ɗaya da ruwan da na ɗaure jiya. Hannuna ya san wadda yake kashewa, ban taɓa tsayawa tunani ba. Ranar na daɗe a tsaye. Wani mai kifi ya leƙo ya ce, "Mai Ƙanƙara, lafiya?" Na ce lafiya. Na ba shi ƙanƙararsa.

Na tuna wani abu da Kuku yake yi. A gida in ya yi girki, ba ya zama sai kowa ya ci. Yakan tsaya a bakin ƙofar kicin da tawul a kafaɗa yana kallon bakin mutane. In na ce ya zauna sai ya ce, "Kuku ba ya ci sai an ƙoshi." Abin yana ba ni haushi, don abincinsa kullum sai ya huce. Ban ce wannan ne ya yanke mini shawara ba. Ban san abin da ya yanke ba. Na dai tuna.

Na tashi Likita na ce ta kira jirgi.

Injiniya ya ɗauka. Na ce ta gaya masa su kashe ɗakin, su kunna ruwa. Ya ce a'a. Ya ce sun ɗaga hannu. Na ce ta gaya masa ni ban ɗaga ba, kuma mijina ne. Na ce a ba mai walda ya fara sha.

Kyaftin ya karɓi wayar, ya ce in faɗa da bakina a naɗa. Na faɗi sunana, na faɗi sunan mijina na yanka, wanda rabona da faɗarsa tun kafin a ɗaura mana aure. Na ce ni matarsa ce, da hankalina, ba wanda ya tilasta ni, na yarda a yi masa sutura a sa shi a teku. Likita ta maimaita da Turanci. Muryarta ce ta karye, ba tawa ba.

Akwai mutum biyu a jirgin masu salla. Su suka yi masa wanka, da ruwan teku, don na hana a taɓa na tanki. Kyaftin ya ba da fararen zannuwan gadonsa. Injiniya ya kawo wani guntun sarƙa daga ɗakin inji don nauyi. Suka saukar da ƙaramin jirgin ceto, suka tuƙa da hannu zuwa inda ruwa ya yi zurfi. Biyun suka yi masa salla, sauran suka tsaya a bayansu, kowa da abin da yake faɗa a addininsa. Duk wannan daga baya aka gaya mini. Lokacin da ake yi ina ɗaure ruwa.

Da azahar Injiniya ya sake kira. Ya kai wayar kusa da wani abu, na ji ruwa yana zuba a bokitin ƙarfe, siriri, yana tsayawa yana ci gaba. Muka saurara ni da Likita har wayar ta yanke.

Ni na je na gaya wa Yaya da kaina. Yana zaune a ƙofar gidansa. Ya kashe rediyo, ya ji ni har ƙarshe. Ya ce, "Kin kyauta musu." Ban san wa yake nufi ba, mutanen jirgi ko masu tasha. Ya shiga gida ya bar ni a tsaye.

Abin da Lauya ta faɗa ya faru. 'Yan jarida suka yi labarin kwana kaɗan, suka koma wani. Masu tasha ba su ce komai ba. Jirgin ya ci gaba da tsayuwa har wata daminar ta zo ta wuce. A ƙarshe aka sayar da shi ga masu yanka ƙarfe, aka kwashe mutanen aka mai da kowa ƙasarsa. Simintin an ce ya daskare a ciki ya zama dutse. Mai walda ya rayu, amma an ce ƙoda ɗaya ta tafi. Wani daga cikinsu kuma, da ya isa gida ya tarar matarsa ta gaji da jira, ta kwashe yara ta tafi. Da an sauke su da wuri, wataƙila da ya same ta. Na tambayi Lauya ko da na bar Kuku a ɗakin da an sauke su tun a lokacin. Ta ce ba wanda zai iya sani. Ta ce yanzu tana bin maganar wasu jiragen, irin wannan, a wasu tashoshin.

Yaya ya daɗe bai tako gidana ba. Da ya dawo, ƙanƙara ya zo saya, wai ana ciwon kai a gidansa. Na ba shi, ya tsaya yana juya ledar a hannu. Ya ce wurin da ke kusa da mahaifiyarsu ya sa an ajiye masa shi, a nan za a sa shi in tasa ta zo. Ya ce har yanzu yana ganin ban yi daidai ba. Na ce na sani. Ya ce, "Amma ki riƙa aiko yarinyar nan tana gaishe ni, ko da rashin kunyar ne." Yanzu yakan zo. Ba ma tayar da maganar.

Injiniya ya kira sau ɗaya daga gidansa. Na ji yara suna wasa a bayansa. Likita ba ta nan, saboda haka ba mu iya cewa komai ba. Ya ce sannu, na ce sannu. Ya ce, "Gishiri da shinkafa," ya yi wata 'yar dariya, sannan na ji yana jan hanci. Na riƙe wayar har ya gama.

Mutane suna tambayata ko na yi nadama. Wasu kuma suna cewa na yi babban abu. Duka biyun ba na jinsu a jikina. Kukan ma har yau bai zo ba. Mai ɗinki ta ce wata rana zai zo mini a kasuwa ko a cikin mota, in shirya. Ina jira.

Firiza ɗaya na sayar, don ba na son tsayawa a tsakaninsu. Ɗayar tana nan. Kowace safiya kafin in buɗe ƙofar titi, nakan ɗora tafin hannuna a gefenta in ji tana aiki. In na ji motsinta sai in ɗan bar hannun a wurin. Daga nan in ciro ledar ruwa ɗaya in ajiye a kan murfin ta huce, sannan in buɗe wa masu kifi.